Bashin da Ba Shi da Ranar Ƙarewa: Yadda Lamuni Mai Juyawa Ke Aiki

Bashi mai juyawa shi ne wanda banki ko kamfani zai ware wa mutum wani adadin kuɗi, ya ce masa ga iyakarka nan, ci gwargwadon buƙatarka. Duk abin da ya mayar, yana da damar sake ɗauka ba tare da ya cike wata sabuwar takardar neman rance ba. Katin bashi shi ne fitaccen misalinsa. Akwai kuma obadiraf, wato damar da banki ke bai wa mai asusu ta ya cire fiye da abin da ya ajiye, sai kuma layin lamuni da ake buɗe wa kamfanoni don su riƙa juya jari.

A ƙarshen kowane wata, takardar lissafi na isa ga miliyoyin masu irin wannan kati, wasu ta gidan waya, wasu ta wayar hannu. Lambobi biyu ne suka fi muhimmanci a cikinta. Ta farko ita ce jimillar abin da ake bin mutum. Ta biyu kuwa ɗan ƙaramin adadi ne wanda idan ya biya shi a kan lokaci, banki ba zai ce masa uffan ba. A tsakanin lambobin nan biyu ne ribar harkar take, a nan kuma haɗarinta yake.

A Amurka, inda wannan nau'in bashi ya fi ko'ina kafuwa, abin da ake bin jama'a a katunan bashi ya haura dala tiriliyan ɗaya a shekarar 2023, kamar yadda alƙaluman reshen Babban Bankin ƙasar na New York suka nuna. A daidai lokacin, matsakaicin kuɗin ruwan katunan ya zarce kashi 20 cikin 100 a shekara. Kusan rabin masu katin ba sa biyan bashinsu gaba ɗaya a ƙarshen wata. Suna tsallakawa da shi zuwa watan gaba. Tsarin yanzu yana bazuwa a Afirka ma, ko da yake ta wayar salula ya fi shigowa, ba ta kati ba.

Abin da ya raba shi da rancen da aka saba

Rancen da aka fi sani yana da farko yana da ƙarshe. Ma'aikaci ya karɓi naira miliyan ɗaya don sayen babur, aka ce zai biya cikin wata goma sha biyu, kowane wata kaza. Tun ranar da ya sa hannu ya san ranar da zai sauke nauyin. Idan ya gama biya an rufe magana, in yana son wani sai ya sake nema daga farko.

Mai juyawa ba haka yake ba. A ɗauka an bai wa mutum iyakar naira 500,000. Ya yi sayayyar 200,000, saura 300,000 ke nan da zai iya taɓawa. Ya mayar da 150,000, nan take abin da zai iya ci ya koma 450,000. Ba a lissafa masa ruwa a kan dukkan iyakar, sai a kan abin da ya ɗauka kawai, na tsawon kwanakin da ya kwana a hannunsa.

Tsarin ya yi kama da littafin mai kantin unguwa, wanda maigida ke aika yara su karɓo sukari da omo a rubuta, ƙarshen wata ya rage wani abu, a ci gaba da rubutawa. Mai kanti ya san inda zai ja layi. Bambancin shi ne mai kanti ba ya ƙara ko kwabo a kan abin da ya kwana, kuma kullum fatansa a biya shi duka. Banki kuwa abin da ya kwana ɗin shi ne abincinsa.

Daga Edinburgh zuwa Fresno

Ana danganta obadiraf na farko da Royal Bank of Scotland, wanda a 1728 ya amince wa wani ɗan kasuwa na birnin Edinburgh, William Hog, ya riƙa cire kuɗi har fam dubu ɗaya sama da abin da ke asusunsa, ya biya ruwa a kan abin da ya taɓa kawai. Sama da ƙarni biyu abin ya zauna a hannun 'yan kasuwa da masu hannu da shuni.

Katin Diners Club da ya fito a New York a 1950 ya kawo sauƙin biyan kuɗin abinci ba tare da tsaba ba, amma dole ne a biya lissafin duka a ƙarshen wata. Juyin ya zo ne a 1958, lokacin da Bank of America ya aika katuna kimanin dubu sittin ta gidan waya ga mazauna garin Fresno na jihar Kalifoniya, mutanen da ba su nema ba, ba su ma san da zuwansu ba. Katin, mai suna BankAmericard, ya bai wa mai shi zaɓi: ya biya duka, ko ya biya kaɗan ya bar saura da ruwa.

Farkon abin bai yi kyau ba. Sama da kashi 20 cikin 100 na asusun sun kasa biya a kan lokaci, 'yan damfara suka yi ta wawure katuna, bankin ya tafka asarar miliyoyin daloli. Amma cikin 'yan shekaru harkar ta fara kawo riba. Wannan katin ne ya zama Visa a 1976. Abokin hamayyarsa, wanda gungun wasu bankuna suka kafa a 1966, shi ne ya zama MasterCard. A 1966 ɗin ne kuma Barclaycard ya ɓullo a Birtaniya.

Wani hukunci na Kotun Ƙolin Amurka a 1978, a shari'ar da ake kira Marquette, shi ya buɗe ƙofar gaba ɗaya. Kotun ta ce banki mai lasisin tarayya zai iya cajin abokan hulɗarsa na ko'ina kuɗin ruwan da jihar da yake zaune ta halatta. Jihohi irin su Dakota ta Kudu da Delaware suka cire iyakar ruwa don jawo bankuna, Citibank ya kwashe sashen katinsa zuwa Dakota ta Kudu a farkon shekarun 1980. Daga nan bai wa masu ƙaramin ƙarfi kati ya zama kasuwanci mai tsoka, tunda ana iya ɗora ruwan da zai rufe asarar waɗanda ba za su biya ba.

Kwanakin da babu ruwa

Katin bashi na tafiya ne wata-wata. Ana tara duk sayayyar da aka yi cikin kimanin kwana talatin, a rufe lissafi, a aiko da takarda. Daga nan akwai wa'adin biya, wanda dokar Amurka ta ce kada ya gaza kwana 21. Wanda ya biya jimillar kafin wa'adin ya cika, ba a karɓar ko sisi na ruwa a hannunsa. Idan ya yi sayayya a ranar farko ta zagayen, ya mori kuɗin banki kyauta ke nan na kusan kwana hamsin.

Sai dai wannan sassauci yana da sharaɗi, kuma a nan mutane da yawa ke zamewa. Da zarar an bar wani abu ya tsallaka wata, a yawancin katuna sassaucin ya faɗi. Duk sabuwar sayayyar da aka yi, ruwa na fara hawa kanta tun daga ranar da aka yi ta, har sai an share lissafin tas. Ana kuma lissafa ruwan ne kullum-kullum, a haɗa shi da uwar kuɗi, shi ma ya fara haihuwa.

Cire tsabar kuɗi da katin bashi ya fi komai tsada. Ba shi da kwanakin sassauci ko ɗaya, ruwansa ya ɗara na sayayya, sannan ana yankar ladan cirewa, yawanci kashi 3 zuwa 5 cikin 100, tun a bakin na'ura.

Akwai kuma ruɗanin wata da shekara. Masu ba da bashi sun fi son faɗin ruwan wata saboda ya fi daɗin ji. Kashi 3 a wata, idan ana ɗora ruwa kan ruwa, ya haura kashi 42 a shekara. Kashi 5 a wata ya doshi kashi 80.

Mafi ƙarancin biya

Ƙaramar lambar nan da ke kan takarda ita ce zuciyar tsarin. Bankuna da dama na fitar da ita ne ta hanyar haɗa ruwan watan da kashi ɗaya cikin ɗari na uwar kuɗi. Biyanta na kare mutum daga tara da ɓacin suna. Amma an yi ta ne don asusun ya ci gaba da numfashi, ba don bashin ya mutu ba.

Lissafi ya fi bayani fito da abin fili. A ɗauka ana bin mutum dala 5,000, ruwa kashi 24 a shekara, wato kashi 2 a wata. A watan farko ruwan dala 100 ne, kashi ɗaya na uwar kuɗi dala 50, mafi ƙarancin biya dala 150 ke nan. Kashi biyu cikin uku na abin da ya biya ya tafi a ruwa. A wata na biyu, tunda bashin ya ɗan ragu, abin da ake nema a hannunsa shi ma ya ragu, ya koma dala 148 da 'yan kai. Haka zai yi ta raguwa, mai bashi na jin kamar sauƙi ne yake samu.

Idan ya yi ta bin wannan lamba yadda ta zo, har ta sauka zuwa dala 25 ta tsaya a nan, kuma bai sake sayen ko allura da katin ba, zai kai kusan shekara ashirin kafin ya gama. Ruwan da zai biya ya kusa dala 9,000, a kan bashin 5,000.

Da a ce ya riƙe dala 150 ɗin nan ta watan farko bai bari ta sauka ba, da ya gama cikin ƙasa da shekara biyar, ruwan kuma bai wuce kimanin dala 3,300 ba. Da ya ɗaga ta zuwa 250, shekara biyu da 'yan watanni sun ishe shi, ruwan kuma ƙasa da 1,500. Bashi ɗaya ne, ruwa ɗaya, banki ɗaya. Abin da ya bambanta shi ne wanda ya yanka wa bashin ranar ƙarewa. A rancen da aka saba, yarjejeniya ce ke yin wannan aiki. A mai juyawa an bar wa mai bashi, kuma ba kowa ne ya san an bar masa ba.

Misalin ma ya yi wa gaskiya sassauci, domin da wuya a sami wanda zai ajiye kati shekara ashirin bai taɓa ba. Abin da ya fi faruwa shi ne a biya 150 a ranar biyar ga wata, a ci 200 kafin ashirin.

Wa ke biya wa wa?

Banki na samun kuɗi ta hanyoyi da dama: ladan da ake yanka daga mai shago a kan kowace sayayya, kuɗin riƙe kati na shekara, tarar jinkiri, sai ruwa. Ladan mai shago a Amurka kan kai kashi 2 ko sama da haka, yayin da Tarayyar Turai ta ƙayyade kason da bankin mai kati ke samu a kashi 0.3 tun 2015. Duk da haka, ruwa ne ke kawo kaso mafi girma.

Masu kati sun kasu biyu. Akwai masu share lissafi duk wata, su ci moriyar kwanakin sassauci, su tara maki da tukuicin tikitin jirgi. Akwai kuma masu tsallakawa da bashi. Rukuni na biyu ne ke ɗauke da nauyin tsarin, kuma galibi su ne masu ƙaramin samu. A fakaice, ruwan da talaka ke biya na taimakawa wajen yi wa mai hali kyauta.

Bankuna na da tasu hujjar, kuma ba ta banza ba ce. Bashin kati ba shi da jingina. Idan mutum ya kasa biya babu gida ko mota da za a kama. Asarar waɗanda suka gudu, da ta 'yan damfara, da tsadar ajiye kuɗi a shirye dare da rana don wanda ba a san ranar da zai nema ba, duk dole su fito daga wani wuri. Suna kuma cewa rufe ƙofar zai tura mabuƙata ne wurin masu ba da bashin bayan fage, waɗanda ruwansu ya fi zafi.

Masu kare haƙƙin masu sayayya kuwa na nuni da yadda tsarin ke cin gajiyar raunin ɗan Adam. Wani bincike da Drazen Prelec da Duncan Simester na jami'ar MIT suka wallafa a 2001 ya nuna cewa a gwanjon tikitin wasan ƙwallon kwando, waɗanda aka ce za su biya da kati sun taya kusan ninki biyu na waɗanda za su biya da tsaba. Neil Stewart na Jami'ar Warwick shi kuma ya nuna a 2009 cewa rubuta mafi ƙarancin biya a takarda kawai na janyo wasu su biya ƙasa da abin da za su biya da ba su ga lambar ba. Ido na sauka a kanta, sai ta zama ma'auni.

Inda yake da rana

Duk da haka, akwai inda babu irin bashin da ya kai shi dacewa, wato cike giɓin da ke tsakanin fitar kuɗi da shigowarsu. Ɗan kasuwar da kayansa suka iso tashar jiragen ruwa, ana jiran kuɗin kwastan, shi kuma masu sari ba za su biya shi ba sai bayan mako uku, ba ya buƙatar rancen shekara. Idan ya ja naira miliyan biyu daga obadiraf mai ruwa kashi 30 a shekara, ya mayar bayan kwana ashirin, ruwan bai wuce kimanin naira 33,000 ba. Da ya riƙe kuɗin shekara guda da 600,000 zai biya.

Ma'aunin da masana harkar banki ke amfani da shi mai sauƙi ne: asusun ya riƙa komawa sifili lokaci-lokaci. Shi ya sa wasu bankuna ke sharɗanta wa kamfani ya share layinsa na wasu kwanaki a kowace shekara. Layin da ya shekara bai taɓa sauka ba ya daina zama na juya jari. Alama ce ta ana toshe asara da shi, ko an sayi abin da ya kamata a saya da rancen dogon zango.

Haka yake ga magidanci. Asibitin gaggawa kwana goma kafin albashi abu ne da kati zai iya ɗauka. Cefanen da albashi ba ya isa duk wata ba abin da kati zai magance ba ne, sai dai ya jinkirta matsalar ya ƙara mata kuɗin ruwa.

Iyakar ba mallakar mai bashi ba ce

Mutane kan ɗauki iyakar da aka ba su kamar ajiyarsu ce. A yarjejeniya kuwa banki na da ikon rage ta ko rufe ta, kuma obadiraf bashi ne da ake iya cewa a biya a kowane lokaci. A rikicin kuɗi na 2008 da 2009, bankunan Amurka sun zaftare iyakokin katuna masu ɗimbin yawa, suka kuma daskarar da layukan lamunin da mutane suka buɗe da jinginar gidajensu, daidai lokacin da aka fi buƙatarsu.

Ruwan ma ba a tsaye yake ba. Yana bin na babban banki. Da Babban Bankin Amurka ya ɗaga nasa daga kusan sifili a farkon 2022 zuwa sama da kashi 5 a tsakiyar 2023, ruwan katuna ya bi shi, har a kan tsohon bashi. A Najeriya, Babban Banki ya ɗaga nasa daga kashi 18.75 a farkon 2024 zuwa 27.5 kafin ƙarshen shekarar, masu obadiraf kuma suka ga sakamakon a asusunsu.

Sai batun suna. Hukumomin tattara bayanan bashi na duba kaso nawa na iyakarsa mutum ya cinye. Wanda kullum yake bakin iyaka ana ɗaukarsa a matsayin wanda ke cikin matsi, ko da bai taɓa saɓa ranar biya ba. Shawarar da aka saba bayarwa a Amurka ita ce kada a wuce kimanin kashi 30 na iyakar. Wani abin lura shi ne, idan banki ya rage iyakar, kason mutum na hawa nan take alhali bai ƙara cin komai ba.

Da abin ya ci ƙasa guda

Koriya ta Kudu ta ga iyakar abin. Bayan durƙushewar tattalin arzikin Asiya a 1997, gwamnati ta ƙarfafa amfani da kati don farfaɗo da kasuwa da kuma kama masu kauce wa haraji. An yi rangwamen haraji ga masu biya da kati, an cire ƙa'idar yawan tsabar da za a iya cira, kamfanoni suka baza tebura a bakin titi suna rabawa har ga ɗalibai. Zuwa 2002 katunan sun haura miliyan ɗari. Jama'a suka koma cire kuɗi da wannan kati su biya wancan. A 2003 abin ya fashe, waɗanda suka kasa biya suka doshi miliyan huɗu, LG Card, kamfanin kati mafi girma a ƙasar, sai da aka ceto shi da taimakon bankin gwamnati.

Kowace ƙasa da irin linzamin da ta sa. Dokar katin bashi ta Amurka ta 2009 ta tilasta wa bankuna su rubuta a takardar wata tsawon lokacin da biyan mafi ƙaranci zai ɗauka, da abin da mutum zai riƙa biya in yana son gamawa cikin shekara uku. Faransa, ta dokar Lagarde ta 2010, ta sa wa bashin wa'adi kai tsaye: wanda bai wuce yuro 3,000 ba a gama shi cikin shekara uku, wanda ya wuce cikin biyar. A Birtaniya, tun 2018, idan mutum ya shafe wata 18 abin da yake biya na ruwa da caji ya fi abin da yake ragewa na uwar kuɗi, dole banki ya tuntuɓe shi, in ya kai wata 36 a fitar masa da tsarin gamawa.

Brazil, inda ruwan bashin kati mai juyawa ya sha haura kashi 400 a shekara, ta hana a bar mutum a cikinsa fiye da kwana talatin tun 2017, sannan daga farkon 2024 ta ce ruwa da caji kada su wuce adadin bashin asali. Dokokin sun bambanta, amma yawancinsu abu ɗaya suke ƙoƙarin yi, wato mayar wa bashin ranar ƙarewa.

Ta waya yake shigowa Afirka

A Najeriya katin bashi bai yi nisa ba. Binciken Bankin Duniya ya nuna manyan da ke da shi ba su kai kashi 3 cikin 100 ba. Katin ATM da ke aljihun yawancin mutane na cire abin da suka ajiye ne kawai. Amma tsarin ci, biya, sake ci ba baƙo ba ne. A Kantin Kwari da kasuwar Singa a Kano, ƙaramin ɗan kasuwa kan ɗauki kaya wurin uban gidansa, ya sayar, ya kawo ciko, ya sake ɗauka, amana ce kawai jinginarsa.

Aron katin waya ma ɗan'uwansa ne. Mutum ya ari na naira 1,000, a saka masa 850, a cire dubu ɗaya cif da zarar ya sa kati. Kashi 15 ba ya tayar da hankali a ido, amma na 'yan kwanaki ne; wanda ke yin haka duk mako yana biyan abin da ya ninka ruwan kowane banki sau da yawa.

Kenya ce ta fi nisa. A farkon 2019 kamfanin Safaricom tare da bankuna biyu suka fito da Fuliza, obadiraf a kan asusun kuɗin waya na M-Pesa. Idan kuɗin mutum bai kai abin da zai biya ba, tsarin na cika masa, a riƙa cajinsa kullum, kuma duk kuɗin da ya shigo wayar bashin ake fara cirewa. Ɗaruruwan biliyoyin shilin ke bi ta cikinsa a shekara, yawanci a ƙananan adadi.

Najeriya na shimfiɗa hanyar da irin wannan zai bi. Lambar tantance masu asusun banki ta BVN ta zo a 2014, dokar bayanan bashi a 2017, ga hukumomi irin su CRC da FirstCentral da CreditRegistry suna tara tarihin masu ci da biya. A 2024 gwamnatin tarayya ta kafa CREDICORP don faɗaɗa bashin masu sayayya. A gefe guda, cin mutuncin da wasu manhajojin bashi suka riƙa yi, na aika saƙon tozarci ga 'yan'uwa da abokan wanda ya makara, ya sa hukumar kare haƙƙin masu sayayya ta FCCPC ta wajabta musu rajista daga 2022. A Nijar da sauran ƙasashen sefa na yammacin Afirka kuwa akwai iyakar ruwa ta doka, wadda aka tsayar a kashi 15 ga bankuna da 24 ga ƙananan cibiyoyin lamuni a 2014.

Matsayin malamai

Ga Musulmi, tambayar ta wuce ta tsada. Majalisar Fiƙihu ta Duniya da ke ƙarƙashin Ƙungiyar Haɗin Kan Ƙasashen Musulmi ta yanke a zamanta na Riyadh a 2000 cewa bai halatta a bayar ko a yi hulɗa da katin bashin da aka sharɗanta ruwa a cikinsa ba, ko da mai shi ya ƙudura zai riƙa biya cikin kwanakin sassauci. Ta halatta wanda babu sharaɗin ƙari a kan bashin, tare da ƙayyadadden ladan hidima. Wasu malamai, musamman a ƙasashen da kati ya zama dole wajen kama otal ko hayar mota, sun sassauta wa wanda ya tabbata ba zai taɓa bari ruwa ya hau kansa ba.

Bankunan Musulunci a Malesiya da ƙasashen Larabawa na yankin Gulf sun fito da katunan da aka gina a kan ladan hidima ko cinikin tawarruƙ, ko da yake ana ci gaba da muhawara a kan ko wasunsu sun sauya haƙiƙa ne ko suna kawai. Bankuna marasa ruwa na Najeriya, Jaiz da ya fara aiki a 2012, da TAJ da Lotus da suka biyo baya, sun fi dogara ga murabaha, inda banki ke sayen kaya ya sayar da riba sananniya a wa'adi sananne.

Idan biya ya gagara

Saɓa ranar biya na jawo tara nan take. Bayan kwana talatin sunan mutum na shiga rahoton masu jinkiri, ana kuma iya ɗaga masa ruwa a matsayin horo. A Amurka, bayan kimanin wata shida banki na rubuta bashin a asara, sau da yawa ya sayar da shi da araha ga kamfanonin karɓar bashi, tabon kuma ya zauna a rahoton mutum shekara bakwai. A Najeriya, tsarin GSI da Babban Banki ya fara aiki da shi a watan Agustan 2020 ya bai wa banki damar cire uwar kuɗi da ruwanta daga asusun mai bashi da ke wasu bankuna, ta hanyar BVN.

Hanyoyin fita sanannu ne. Ana daina amfani da katin, a tsayar da adadi guda da za a riƙa biya ba tare da bin ƙaramar lambar ba. Mai katuna da yawa yana fara kashe wanda ruwansa ya fi zafi, ko kuma mafi ƙanƙanta in yana buƙatar ganin ci gaba da wuri. Ana iya neman banki ya mayar da bashin na biya kashi-kashi mai wa'adi, kuma bankuna sun fi saurarar wanda ya zo kafin ya saɓa alkawari.

A Amurka da Birtaniya akwai kuma mayar da bashin kan sabon kati maras ruwa na shekara ɗaya ko fiye, bayan an biya ladan kimanin kashi 3 zuwa 5. Dabarar na aiki ne kawai ga wanda ya gama biya kafin wa'adin rangwamen ya cika. Matsalarta, kamar ta duk wani rancen da aka ci don share kati, ita ce tsohon katin yana komawa fanko da iyakarsa a buɗe, kuma wanda bai rufe shi ko ya nemi a rage iyakar ba kan wayi gari da bashi biyu.